Yadda Jamusawa Suka Kafa wa Kare Jarrabawa

Idan muka ga karen 'yan sanda yana sunsuna kaya a filin jirgin sama, ba kasafai muke tambayar inda horonsa ya samo asali ba. Wani ɓangare na amsar kuwa yana can ƙasar Jamus, a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da masana'antu suka fara cinye makiyaya, karen kiwo ya tasam ma rasa aikin yi.

A shekarar 1891 aka kafa wata ƙungiya mai suna Phylax domin daidaita irin karnukan kiwo. Shekara uku kawai ta yi ta watse, saboda gardama: wasu suna son kyan sura, wasu suna son ƙwazon aiki. Wannan gardama ce Max von Stephanitz, tsohon kyaftin na sojan doki, ya tashi rabawa. A 1899 ya sayi wani kare, ya raɗa masa suna Horand von Grafrath, ya kuma kafa ƙungiyar masu karen kiwo na Jamus. Aƙidarsa ita ce, kyan kare amfaninsa. A 1901 aka yi gwajin farko na abin da aka kira Schutzhund, wato karen tsaro.

Gwajin kashi uku ne. Na farko bin sawu da hanci. Na biyu biyayya: kare ya bi ubangidansa, ya zauna, ya kwanta, ya tsallake shinge ya ɗauko abin da aka jefa, ko an harba bindiga kada ya razana. Na uku tsaro: ya kama hannun mahari wanda aka naɗe da kariya, kuma ya saki nan take da jin umarni. A nan ne gizo ke saƙa, domin karen da ya iya cizo amma bai iya saki ba, faɗuwa yake yi.

Akwai kuma gwajin juriya. Kare zai yi sassarfa ta kilomita 20 a gefen keke, ana tsayawa hutu, alƙali yana duba tafin ƙafafunsa. Wanda ya ji rauni ko ya galabaita, a fitar da shi.

Manufar duk wannan ita ce tace irin da za a bari ya hayayyafa. Amma bayan rasuwar Stephanitz a 1936, sannu a hankali tsohuwar gardama ta dawo. Irin ya rabu gida biyu, na nuni da na aiki, har likitocin dabbobi suka riƙa kuka da gantsarewar baya da ciwon ƙugu a wasu karnukan nuni. A 2019 aka mayar da sunan gwajin IGP, amma kashin nan uku suna nan daram.

Mu da ke riƙe da alƙalami mun san irin wannan gardama tsakanin ado da amfani. Masu iya magana dai sun riga sun ce, ba girin-girin ba, ta yi mai.