Dokar Hana Fita Sau Uku a Zariya, da Maganin da Ke Cikin Gidanka

Mai karatu, in kana zaune a Samaru ko Sabon Gari tun 2011, ka ga dokar hana fita ta dare da rana aƙalla sau uku.

Ta farko ta zo a watan Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa na ranar 16 ga wata. Tarzoma ta ɓarke, Gwamna Patrick Yakowa ya rufe jihar Kaduna. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa sama da mutum 800 suka rasu a jihohi 12 na Arewa. Ta biyu ta faɗo ranar Lahadi, 17 ga Yunin 2012, bayan tashin bama-bamai a majami'u biyu na Zariya, ɗaya a Wusasa, ɗaya a Sabon Gari, da wata a Kaduna. Wanda ya wayi gari yana shirin sayen magani ranar Litinin, kafin dare ya yi an kulle masa hanya.

Ta uku ce ta fi daɗewa. Ranar 26 ga Maris na 2020 gwamnatin Nasir El-Rufai ta kafa dokar kulle saboda cutar korona, ba a sassauta ta sosai ba sai 9 ga Yuni. Doka ba ta hana asibiti da kemis aiki ba, amma abin hawa ya yi wuya, kuma daga Sabon Gari zuwa asibitin koyarwa na Shika, ta Kwangila da Samaru, ba tafiyar ƙafa ba ce ga majinyaci. Tun farkon watan kuma, Indiya, wadda muke sayo yawancin magungunanmu daga gare ta da Sin, ta taƙaita fitar da sinadaran magani 26, har da farasitamol.

Labaran waɗannan ranaku sun fi karkata ga wanda aka kashe ko wanda ya kamu. Mu masu aikin ɗakin magani, hankalinmu kan koma ga wanda ƙwayarsa ta ƙare yana cikin ɗaki. Mai farfaɗiya da ya yanke fenobabiton kwatsam yana iya faɗawa cikin jijjigar da ba ta tsayawa. Mai shan atenolol, in ya daina a rana guda, bugun zuciya da hawan jini kan taso masa da ƙarfi. Yaron da rayuwarsa ta rataya a kan insulin kuwa, kwana ɗaya ko biyu sun isa su kai shi ga suma.

Saboda haka shawarata ita ce kada maganin cuta mai daɗewa ya gaza na mako biyu a gidanka. Ka sabunta tun da sauransa, ka riƙa fara shan tsohon. Na san aljihu ba ɗaya ba ne. In ba za ka iya duka ba, ka fara da wanda yanke shi ya fi haɗari, ka tambayi likita ko mai harhaɗa magani wanne ne. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya cikin wannan lissafi, tara shi ɓarna ce.

Insulin na da nasa sha'ani, domin kullen 2020 ya faɗo a tsakiyar bazara, ga wuta ba tabbas. Kwalbar da ba a buɗe ba wurinta firji, ba sashen ƙanƙara ba. Wadda aka fara amfani da ita takan kai kimanin mako huɗu in zafi bai haura digiri 30 ba, ɗakin kwano a Afrilu kuwa yana wuce haka. A sa ta cikin ƙaramin mazubi mai murfi, a ajiye cikin jiƙaƙƙen yashi a tukunyar ƙasa, a inuwa.

Ga gida mai yara, a tanadi ƙullin ORS. In babu, cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri, a shafe ba a tula ba, cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce.

Sai takarda. Ranar kulle ba lalle ka isa asibitin da fayil ɗinka yake ba, kuma "fara ce ƙarama" ba ta gaya wa mai kemis komai. Ka sa a rubuta ainihin sunan kowane magani, ƙarfinsa, da sau nawa ake sha, tare da wanda jiki ba ya karɓa. Ka naɗe ta cikin leda tare da katin asibiti, ka nuna wa uwargida da babban ɗa inda take.