FASHIN BAƘI: Yadda homon ke tsare ƙwayoyin gado da sallamarsu, da inda lamarin ya taɓo Sabon Birni da Isa

Kusan kowane tantani a jikin ɗan'adam yana ɗauke da kundi iri ɗaya, wato DNA, mai harufa kimanin biliyan uku, kuma a cikinsa akwai ƙwayoyin gado kusan 20,000 masu ba da umarnin ƙera furotin. Tantani shi ne ɗan ƙanƙanin ɗakin rai da ido ba ya gani, wanda tarinsa ke haɗa tsoka da hanta da fata. Tun da kundin ɗaya ne, abin da ya raba tantanin mama da na garkuwar jiki shi ne wane shafi ake karantawa, yaushe, kuma da wane irin sauri. Homon, wato sinadaran da jini ke ɗauka daga wata gaɓa su kai saƙo wata, suna cikin manyan masu yanke wannan hukunci.

Biyu daga cikinsu sun shiga rayuwar mutanen Sabon Birni da Isa sosai. Kotisol shi ne homon da jiki ke zubarwa a lokacin fargaba, kuma ɗan'uwa ne ga wata ƙwaya da ake saya a kemis ba da takardar likita ba. Istirojin kuwa shi ke ciyar da wani nau'i na sankarar mama.

Makwafi da birkinsa

Kundin ba ya fita daga cibiyar tantani, kamar yadda malami ba ya yarda a fita daga zaurensa da littafin da ya gada. Mai bukata sai ya zauna ya kwafa. Makwafin a nan wani babban furotin ne da ake kira folimares na biyu. Yana hawa bakin ƙwayar gado, ya buɗe zaren DNA, ya bi shi harafi bayan harafi yana fitar da kwafi mai suna RNA, kuma wannan kwafin ne ake fita da shi zuwa inda ake ƙera furotin. Fito da siffar wannan makwafi dalla-dalla ne ya ba Roger Kornberg na Jami'ar Stanford kyautar Nobel a 2006.

Aikin yana da matakai uku: farawa, tafiya, da sauka. Matakin tafiya, wanda masana ke kira tsawaita kwafi, shi ne mafi cin lokaci. Makwafi yana cin harufa dubu biyu zuwa dubu huɗu a minti ɗaya, amma ƙwayar gadon distirofin, wadda tsoka ke bukata, ta haura harufa miliyan biyu, don haka kwafi ɗaya nata yakan ɗauki kimanin sa'o'i 16.

Shekaru da dama an ɗauka cewa duk ikon yana matakin farawa: idan an kira makwafi ya zo, shi ke nan, aiki ya tafi. A 1986 David Gilmour da John Lis na Jami'ar Cornell a Amurka suka ga abin da ya saɓa wa haka a jikin ƙudan 'ya'yan itace. Akwai wata ƙwayar gado da ƙudan ke tayarwa idan zafi ya buge shi, sai ga makwafi zaune a bakinta tun kafin zafin ya zo. A 1988 aka tabbatar da cewa har ya fara rubutu, ya yi harufa ashirin da wani abu, sannan ya tsaya cak. An daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin wani abin mamaki na ƙuda kawai. Sai a 2008 ɗakin binciken Lis ya fito da dabarar ganin kowane makwafi da ke bakin aiki a tantanin mutum, aka tarar kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙwayoyin gado suna da irin wannan tsayuwa, yawanci tsakanin harafi na 20 da na 60.

Wanda ya san tashar mota ya san yanayin. Mota ta cika, an ɗaure kaya, direba ya ta da inji, amma ba ta motsi sai ɗan kamasho ya sallame ta. Masu riƙe da makwafi furotin biyu ne, DSIF da NELF, waɗanda ɗakin binciken Hiroshi Handa a Yokohama ya gano a 1998 da 1999. Mai sallama kuwa shi ne P-TEFb, wanda David Price na Jami'ar Iowa ya bayyana a 1995. A cikinsa akwai wani sashe mai suna CDK9, wanda aikinsa shi ne manna ɗan guntun fosfet a jikin wasu furotin, tamkar buga hatimi. Idan ya buga wa NELF, sai NELF ya saki ya kama gabansa. Idan ya buga wa DSIF, sai DSIF ya sauya sheƙa nan take, mai riƙe birki ya koma ɗan rakiya har ƙarshen tafiya, sauyin da masu bin siyasar Sakkwato ba za su yi mamakinsa ba. Hatimi na uku yana sauka a kan wutsiyar makwafin kansa, wadda jeri ɗaya ne na tubala bakwai da aka maimaita sau 52, kuma a nan masu gyara kwafin ke samun wurin maƙalewa.

Shi ma mai sallamar ba a bar shi sakaka ba. A 2001 aka gano cewa tantani yana ɗaure kaso mai yawa na P-TEFb a jikin wani ƙaramin RNA mai suna 7SK, sai bukata ta taso a kwance shi. Ƙwayar cutar HIV ta san wannan ma'aji: tana da nata furotin, Tat, da ke fizgo P-TEFb ya zo ya sallami makwafin da ke kwafe umarninta.

Amfanin tsayuwar shi ne sauri. Tantanin da ƙwayar cuta ta auka wa ba shi da lokacin haɗa komai daga tushe, kuma zaman makwafi a bakin ƙofa yana hana a toshe ta.

Kotisol: mai mayar da birki

Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, tantanin garkuwa suna fitar da saƙon gangami, ciki har da wani furotin mai suna TNF. Saƙon yana ta da NF-kB, wani jagora da ke shiga cibiyar tantani ya kira P-TEFb zuwa ƙwayoyin gadon kumburi. Cikin mintoci makwafan da ke tsaye suke zabura. Kumburi da zafi da jan da ake gani a bakin rauni daga nan suke, kuma kariya ne matuƙar ba su wuce gona da iri ba.

Kotisol ne ke yayyafa wa wutar ruwa. Ana yin sa a wasu ƙananan ƙulli biyu da ke saman ƙoda, bisa umarnin ƙwaƙwalwa. Yana ratsa bangon tantani ya haɗu da makarɓinsa, wani furotin da ke zaman jiransa, su biyun su wuce cibiya. A 2005 ɗakin binciken Keith Yamamoto a San Faransisko ya nuna cewa a kan ƙwayar gadon kumburi mai suna IL-8, makarɓin ba ya korar makwafi. P-TEFb yake hanawa zuwa, sai a bar mota cike a tasha ba mai sallama. A 2013 Inez Rogatsky da abokan aikinta a New York suka ga haka a tantanin garkuwa: a wasu ƙwayoyin gadon, har da ta TNF kanta, makarɓin yana sa NELF ya ƙara zama daram, a wasu kuma tun a matakin farawa yake tare hanya.

An gina tsarin ne don haɗarin da ke zuwa ya wuce. A ƙasar Gobir ta gabashin Sakkwato kuwa haɗari ya zama mazauni. A Disamban 2021 an ƙone matafiya sama da ashirin cikin mota a kusa da Gidan Bawa, a kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa. A Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, kuma labarin rasuwarsa a hannun masu garkuwa ya fito a watan Agusta. Ƙauyuka na biyan harajin da 'yan bindiga suka ɗora masu, kuma tun 2019 dubban iyalai daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi. Ana ƙirga gawa da dabbobin da aka kora, amma ba a cika sa jikin waɗanda suka tsira a lissafi ba. Idan fargaba ta daɗe, tantanin garkuwa sukan rage jin kiran kotisol, kamar kunnen da ya saba da tsawa. A 2012 Sheldon Cohen na Jami'ar Carnegie Mellon ya wallafa binciken da aka sa wa masu sa kai ƙwayar cutar mura da gangan: waɗanda suka daɗe cikin matsananciyar damuwa sun fi nuna wannan kurumta, kuma sun fi kamuwa. Birkin yana nan, amma ya daina kamawa yadda ya kamata.

Matsala ta biyu akasin wannan ce, wato birkin da aka take aka ƙi ɗagawa. Deksametason kotisol ne na masana'anta, kuma ya fi na jiki ƙarfi kimanin sau 25. A hannun likita magani ne mai ceton rai: a Yunin 2020 gwajin da Jami'ar Oxford ta jagoranta a Birtaniya ya nuna ya rage mace-macen masu korona da ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Amma ƙwaya ce mai arha, kuma a garuruwan arewa ana jefa ta cikin haɗin ciwon jiki, ana kuma shan ta don ƙiba, cikin abin da ake wa laƙabi da sha-ka-fashe. Danginta suna cikin wasu mayukan bilicin. Inda zuwa asibiti ke nufin bin hanyar da ake tare mutane, mai kemis da mai tallar magani a kasuwa su ne likitan da ya rage. Manomi ya sha, ciwon gaɓoɓi ya lafa, domin an tsare makwafan kumburi. Sai dai su ne kuma makwafan da ke yaƙar tarin fuka da sauran cututtuka. Ƙibar ma ta yaudara ce: kitse ne ke taruwa a fuska da ciki, ruwa ya zauna a jiki, ƙafafu da hannuwa su sirance, sukari da hawan jini su tashi, ƙashi ya yi rauni. Wanda ya sha fiye da mako uku kuma bai kamata ya daina dare ɗaya ba, domin ƙwaƙwalwa ta riga ta daina umartar ƙullin saman ƙoda su yi nasu kotisol, kuma yankewa farat ɗaya na iya jawo faɗuwar jini har ta kai ga mutuwa. Ma'aikacin lafiya ne ke rage ta sannu a hankali.

Istirojin da gwaji guda

Yawancin abin da aka sani game da istirojin a wannan fanni ya fito ne daga MCF-7, wasu tantanin sankarar mama da aka ɗauka daga wata majinyaciya a Detroit a 1970, ake kuma raya su a ɗakunan bincike har yau. A 2011 ɗakin binciken Lee Kraus ya nuna cewa istirojin yana sauya kwafin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da waɗannan tantanin ke kwafa, wasu cikin minti goma kacal. A 2013 Charles Danko da Kraus da Lis suka kwatanta saƙonni biyu, suka tarar kowanne da ƙofar da ya fi bi: TNF yana gajarta tsayuwa, istirojin kuwa ya fi ƙara yawan makwafan da ke farawa. Sun kuma ga cewa saurin tafiya kan bambanta har ninki huɗu daga wata ƙwayar gado zuwa wata. Duk da haka akwai inda istirojin ke taɓa birki kai tsaye. A kan MYB, ƙwayar gadon da ke taimaka wa sankarar hayayyafa, makarɓin istirojin yana jawo P-TEFb ya wuce da makwafi wani shinge da ke can cikin tafiya.

Tamoksifen, ƙwayar da ake ba masu sankarar mama shekara biyar ko fiye, yana zama a gurbin istirojin a jikin makarɓin ya hana shi kiran mataimakansa. Saboda haka ba ya amfanar macen da sankararta ba ta da makarɓin. Ana gane hakan ne ta gwajin ɗan yankin tsokar da aka ciro, kuma a nan wata muhawara ta taso a Najeriya. Binciken da Olufunmilayo Olopade ta jagoranta a Najeriya da Sanagal, wanda ya fito a 2009, ya sami makarɓin a kusan kashi ɗaya cikin huɗu na majinyata. Wani da Clement Adebamowo ya jagoranta a Ibadan, a 2008, ya same shi a kusan kashi biyu cikin uku. Ɗaya daga cikin dalilan da masana ke bayarwa na irin wannan tazara shi ne yadda ake adana tsokar, domin makarɓin furotin ne mai saurin lalacewa.

Ga macen Gatawa ko ta Isa, babban asibitin da ake tura irin wannan jinya shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, kuma duk jinkirin hanya yana iya shafar sakamakon idan an ciro tsokar a wani wuri. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin sankara da masu binciken tsoka na Amurka suka fitar a 2010 ita ce a tsoma tsokar cikin ruwan fomalin kafin sa'a ɗaya da cirowa, ta zauna a ciki tsakanin sa'o'i 6 zuwa 72. Tsokar da ta wuce wannan ƙa'ida tana iya nuna babu makarɓi alhali akwai, sai a hana majinyaciya maganin da ya dace da ciwonta.