Shirun Minti Goma Sha Biyar: Tarihin Gwagwarmayar Talakawan Baski da Ta'addanci

Idan muka waiwayi tarihin yaƙi da ta'addanci, galibi sunayen sojoji da shugabanni ne ke cika littattafai, alhali akwai inda talakawa suka taka rawar da bindiga ba ta iya takawa ba. A wannan maƙala za mu dubi abin da ya gudana a yankin Baski, wanda ke arewacin Sifaniya, kan iyaka da Faransa.

A shekarar 1959 aka kafa ƙungiyar ETA da nufin ɓalle yankin daga Sifaniya, a zamanin mulkin kama-karya na Janar Franko. Bayan rasuwarsa a 1975 ƙasar ta koma tafarkin dimokuraɗiyya, amma ƙungiyar ba ta ajiye makamai ba, sai ma abin ya ci tura. Kafin ta daina, ta hallaka mutane fiye da 800, ciki har da 21 da bam ya kashe a wani babban kanti a Basalona a 1987. Babban makaminta kuwa shi ne tsoro, domin maƙwabci kan ga an kashe maƙwabcinsa ya ja bakinsa ya yi gum, har ta'aziyya ma wasu kan ji shakkar zuwa.

Cikin wannan hali ne, a 1986, wasu ƙananan ƙungiyoyin matasa da ɗalibai da mabiya coci suka haɗu ƙarƙashin sunan Gesto por la Paz, wato nuna alama domin zaman lafiya. Tsarinsu mai sauƙi ne: duk ranar da aka kashe wani a wannan rikici, kashegari sai su taru a dandalin gari su tsaya shiru na minti 15. Abin lura a nan shi ne ba su bambanta gawa da gawa ba. Ko ɗan sanda ne ko ɗan ETA, tsayuwar ɗaya ce. Haka kuma sun la'anci kashe-kashen GAL, gungun da wasu jami'an gwamnati suka ɗaure wa gindi tsakanin 1983 da 1987. Wannan adalci ne ya sa aka kasa yi musu tambarin 'yan koren gwamnati.

A 1993, da ETA ta sace wani injiniya, sai suka fito da shuɗin ƙyalle wanda ake maƙalawa a ƙirji. Maƙala shi a ƙaramin gari tamkar shelar matsayi ce a gaban masu kisa, kuma daga 1995 magoya bayan ETA sukan tsaya daura da su suna zagi da jifa. Duk da haka ba su fasa ba. A 1996, bayan an harbe Farfesa Francisco Tomás y Valiente a ofishinsa na jami'a a Madrid, ɗalibai suka shafa farin fenti a tafukansu suka ɗaga sama. A Yulin 1997 kuwa, da aka sace Miguel Ángel Blanco, matashin kansila na garin Ermua, aka kashe shi bayan wa'adin sa'o'i 48, miliyoyin mutane suka cika tituna.

Ba za mu ce shiru kaɗai ya karya ETA ba, domin 'yan sandan ƙasashen biyu da kotuna sun yi nasu aikin. Sai dai Hausawa na cewa ɓarawo ba ya shiga gari sai da ɗan gari, kuma abin da waɗannan bayin Allah suka yi shi ne raba ƙungiyar da 'yan garin. Ranar 20 ga Oktoba 2011 ETA ta sanar da daina kai hare-hare, ta kuma rushe kanta a 2018. Ita kuwa Gesto por la Paz ta yi taronta na ban kwana a Bilbawo a 2013, ganin cewa buƙatar da ta sa aka kafa ta ta biya.