Ƙara wa bidiyo da sauti tsawo da ƙirƙirarriyar basira: mene ne, kuma yaya yake aiki?

Duk mai aikin montaj ya san wannan matsala: an ɗauko hoton biki ko na taro, ana cikin haɗawa sai a tarar mai kamara ya katse da wuri. A da, sai dai a rage gudun hoton ko a rufe gurbin da wani. Yanzu akwai manhajojin da ke ƙirƙiro abin da ya rage da kansu.

Wadda aka fi sani ita ce ta kamfanin Adobe na Amurka, cikin manhajarsa Premiere Pro. Sunan dabarar Generative Extend. An fito da ita don gwaji a watan Oktoba na 2024, aka sake ta ga kowa a watan Afrilu na 2025.

Ga yadda take aiki. Bidiyo jerin hotuna ne da ke wucewa da sauri, misali 25 a cikin sakan guda. Idan mai montaj ya ja farkon hoton ko ƙarshensa, kwamfuta za ta aika guntun ta intanet zuwa na'urorin kamfanin. Can ƙirƙirarriyar basira, wadda ake ce ma IA da faransanci, za ta dubi motsi da haske, ta zana hotunan da take ganin za su biyo baya. Ke nan ba intanet, ba aiki.

Tana da iyaka. Bidiyo sakan 2 kawai take ƙara masa, wato hotuna 50 in a 25 ake tafiya. Sauti kuwa har sakan 10, amma na wuri ne kawai, kamar kukan iska ko hayaniyar kasuwa. Ba ta ƙara maganar mutum, ba ta ƙara kiɗa.

To, ina amfaninta? Mai haɗa bidiyon aure a Maraɗi ko Damagaram zai samu ɗan sarari ya sauya hoto lami lafiya. Mu ma a rediyo mun san darajar sautin wuri, domin shi ke hana rahoto yankewa kwatsam.

Sai dai a kula: sakan biyun nan ba su taɓa faruwa ba, hasashen na'ura ne. A bidiyon biki wannan ba komai ba ne. A hoton hatsarin mota ko na rikicin gona kuwa, sakan 2 sun isa su nuna hannu ya ɗaga alhali bai ɗaga ba, a ɗora wa bawan Allah laifi.

Manhajar tana sa alama kan wurin da ta ƙara, tana kuma iya liƙa wa bidiyon bayanin asalinsa, bisa tsarin C2PA da Adobe da BBC da Microsoft da wasu suka kafa a 2021. Amma in bidiyo ya yi ta yawo daga talho zuwa talho, bayanin kan ɓace a hanya.

Saboda haka in an turo muku bidiyo ta WhatsApp, ku dubi farkonsa da ƙarshensa: yatsu, fuska, rubutun allo, ko sun sauya kama? Ku tambayi wanda ya turo inda ya samo shi kafin ku tura gaba. Ku ma masu montaj, in hoton labari ne ko na shaida, ku bar shi yadda kamara ta ɗauko shi.