Cututtukan garke a Rano da Kibiya

Rano da Kibiya ƙananan hukumomi ne a kudancin Jihar Kano, yankin noma da kiwo. Cuta kan shiga garke ta mashaya, burtali da kara. Ciwon huhu numfashi ke yaɗa shi, saniya ɗaya mai tari ta isa. Boru kuwa, mai sa ƙuraje a baki da kofato, yawu yake bi, har takalmin makiyayi kan kwashe shi. Tsutsar hanta a jikin dodon koɗin fadama take girma.

Ana rigakafi da allura, irin wadda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato ke haɗawa, da keɓe sabuwar dabba kafin ta shiga garke, abin da ɗokin saye kan sa a manta. Cutar bushiya dai an ayyana ƙarewarta a duniya a 2011.