Agent Orange da Ciwon Daji a Tsakanin Tsofaffin Sojojin Yaƙin Biyetnam

Agent Orange suna ne na wani maganin kashe tsirrai da rundunar sojin Amurka ta yi feshinsa a kan dazuzzuka da gonakin Kudancin Biyetnam a shekarun 1960. Sunan ya samo asali ne daga zanen fenti mai ruwan lemo da ake zagaye durom ɗinsa da shi, durom mai cin lita 208. Maganin haɗi ne na sinadarai biyu rabi da rabi, 2,4-D da 2,4,5-T. Wajen sarrafa na biyun a masana'anta wata guba mai suna dayoksin, nau'in TCDD, takan samu a cikinsa, kuma ita ce tushen dukan taƙaddamar da ta biyo baya. Shari'o'i da binciken da aka shafe fiye da shekara arba'in ana yi a kansa su ne suka zama ma'aunin da Amurka take bi a yau wajen duba ƙorafin sojan da ya ce sinadarin da ya shaƙa a bakin aiki ne ya jawo masa ciwon daji.

Kafin Biyetnam

Tun kafin wannan yaƙi an san cewa sinadarin yaƙi yana iya barin cuta a jikin wanda ya tsira da ransa. Iskar guba ta mastad, wadda Jamus ta fara amfani da ita a Ypres ta ƙasar Beljiyam a 1917, daga baya an danganta ta da kansar huhu da ta maƙogwaro, musamman bayan nazarin da aka yi kan ma'aikatan masana'antar da ke haɗa ta a tsibirin Okunoshima na Japan. Ita ma 2,4,5-T ta nuna halinta da wuri. A 1949 an yi hatsari a masana'antar kamfanin Monsanto da ke garin Nitro a jihar West Virginia, ma'aikata da yawa suka fito da wasu munanan ƙuraje da ake kira kiloraken, waɗanda yanzu aka san su da alamar shigar dayoksin jiki. A shekarun 1950 kuma sojojin Birtaniya sun yi feshin irin waɗannan magunguna a Malaya, abin da Amurka ta kafa hujja da shi daga baya.

Shekarun feshi

A ƙarshen 1961 Shugaba John F. Kennedy ya amince da shirin feshin, aka fara shi gadan-gadan a watan Janairun 1962 da sunan Ranch Hand. Manufar biyu ce: a kaɗe ganyen daji don mayaƙan Biyet Kong, abokan gabar Amurka, su rasa mafaka, a kuma lalata amfanin gonar da ake zaton da shi suke ciyar da kansu. Daga 1962 zuwa 1971 an zuba sama da lita miliyan 70 na magunguna iri-iri, kowanne da launin durom ɗinsa: shuɗi, fari, kore, shunayya da sauransu. Fiye da rabin wannan adadi Agent Orange ne, wanda aka fi amfani da shi tsakanin 1965 da 1970. Feshin ya taɓa wasu sassan Laos da Kambodiya, an kuma yi irinsa a kan iyakar Koriya ta Kudu da ta Arewa a ƙarshen shekarun 1960.

Jiragen sama ƙirar C-123 ne ke yin mafi yawan aikin. Sukan tashi da sassafe kafin iska ta motsa, su jera, su sauko ƙasa-ƙasa kusa da kan itatuwa, su saki farin hazo a bayansu. Cikin 'yan kwanaki ganye ya fara yaushi, cikin 'yan makonni daji ya zama ƙirare. A ƙasa kuwa, sojoji ne ke ɗura maganin daga durom zuwa tanki, galibi ba safar hannu ba abin rufe hanci, wasu kuma suna feshi da tankin goyo a kewayen sansani ko daga kan jiragen ruwa a bakin kogi. Tsofaffin sojoji da yawa sun ba da labarin yadda ake yanka durom ɗin da ya ƙare a mai da shi mazubin ruwan wanka ko murhun gashin nama. An gaya musu maganin ba ya cutar da mutum.

Masana kimiyya sun fara ɗaga murya tun ana cikin yaƙin, cikinsu har da Arthur Galston, masanin tsirrai na Jami'ar Yale. A 1969 sakamakon wani gwaji ya fito fili, wanda ya nuna 2,4,5-T na haddasa naƙasa ga 'ya'yan ɓerayen da aka ba uwayensu maganin. A watan Afrilun 1970 Ma'aikatar Tsaron Amurka ta dakatar da Agent Orange, aka rufe shirin feshin baki ɗaya a 1971. Ragowar maganin an tara shi a tsibirin Johnston da garin Gulfport, sannan aka ƙone shi a tsakiyar teku a 1977 cikin wani jirgin ruwa mai suna Vulcanus.

Yadda gubar ke aiki a jiki

Dayoksin ba ta narkewa a ruwa, kitse take bi. Idan ta shiga jiki ta fata, ko ta numfashi, ko ta abinci, sai ta kwanta a cikin kitse, kuma kafin rabinta ya fita akan ɗauki shekara 7 zuwa 11. A cikin ƙwayar halitta takan maƙale wa wani furotin da ake kira AhR, daga nan ta dagula yadda ƙwayoyin ke girma da rabuwa da mutuwa, ta kuma taɓa garkuwar jiki. Masana sun fi karkata ga cewa aikinta shi ne ingiza ƙwayar da ta riga ta fara lalacewa har ta zama kansa. A 1997 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a birnin Lyon na Faransa, ta sanya TCDD a rukunin farko, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam ciwon daji. Shi 2,4-D har yau manoma na feshinsa a gonaki a ƙasashe da yawa, har da Najeriya, amma 2,4,5-T mai ɗauke da gubar an hana shi a Amurka tun 1985.

Kukan tsofaffin sojoji

A 1977 wata ma'aikaciyar Hukumar Kula da Tsofaffin Sojoji a Chicago, Maude DeVictor, ta lura da yadda masu neman taimako ke ambaton feshin, sai ta shiga tattara bayanansu. Da wannan aikin nata ne ɗan jarida Bill Kurtis ya shirya wani shirin talabijin da aka nuna a watan Maris na 1978, wanda ya fito da maganar bainar jama'a. A shekarar ce Paul Reutershan, wanda ya yi aiki a jirgi mai saukar ungulu yana ratsa hazon feshin, ya kai ƙarar kamfanonin da suka haɗa maganin. Ciwon daji ya kashe shi a watan Disamban 1978 yana da shekara 28, amma ƙarar tasa ta rikiɗe ta zama ta dubban sojoji.

A ranar 7 ga Mayun 1984, ranar da za a fara sauraron shari'ar a gaban Mai shari'a Jack Weinstein a Brooklyn, kamfanoni bakwai, cikinsu har da Dow da Monsanto, suka amince su biya dala miliyan 180 ba tare da amsa laifi ba. Kimanin mutum 52,000 ne suka samu rabo, kowanne ya samu kusan dala 3,800 a matsakaici. Ga iyalin da suka binne maigida bayan doguwar jinya, wannan kuɗi bai taka kara ya karya ba, kuma sojoji da yawa sun ɗauki sulhun a matsayin cin amana.

Labarin gidan Zumwalt ya girgiza Amurkawa. Admiral Elmo Zumwalt, kwamandan sojojin ruwa a Biyetnam daga 1968 zuwa 1970, shi ya ba da umarnin feshi a gaɓar koguna don kare ƙananan jiragen sintiri daga kwanton ɓauna. Ɗansa, Elmo na Uku, yana jagorantar ɗaya daga cikin jiragen. Ɗan ya kamu da kansar kaluluwa iri biyu, ya rasu a 1988 yana da shekara 42. Uban ya yi imani feshin ne sanadi, kuma a 1990 ya miƙa wa gwamnati rahoto inda ya zargi wasu binciken hukuma da ɓoye gaskiya.

Wahalar kafa hujja

Babban cikas shi ne ba a rubuta wa ya shaƙi me ba, a ina, kuma nawa. Akwai bayanan hanyoyin da jiragen feshi suka bi, amma bayanan inda kowace ƙungiyar sojan ƙasa take a kowace rana ba su cika ba. Ga shi ciwon daji yakan ɗauki shekara goma zuwa talatin kafin ya bayyana, a lokacin da sigari da shekaru da gado suka riga suka shiga lissafi. Saboda haka ne Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta watsar da bincikenta kan sojojin ƙasa a 1987, tana cewa ba ta iya tantance waɗanda gubar ta taɓa. Wani bincikenta da ya fito a 1990 ya gano cewa kansar kaluluwa nau'in da ba na Hodgkin ba ta fi yawa da kusan kashi 50 cikin ɗari a tsakanin waɗanda suka je Biyetnam, sai dai bai iya ɗora alhakin kan feshin ba. Rundunar sojin sama ma ta bi lafiyar ma'aikatan Ranch Hand sama da dubu ɗaya daga 1982 har tsawon shekara ashirin, inda alaƙar da ta fi fitowa fili ita ce ta ciwon suga.

Hujja mafi ƙarfi daga wajen soja ta zo. A ƙarshen shekarun 1970 likita Lennart Hardell na Suwidin ya ga yawaitar kansar tsoka da jijiyoyi a tsakanin ma'aikatan daji da gona masu feshin irin waɗannan magunguna. An kuma bi diddigin ma'aikatan masana'antu a Amurka da Jamus, da mazauna garin Seveso na Italiya inda dayoksin ta fantsama bayan hatsarin masana'anta a 1976.

Dokar 1991 da abin da ya biyo baya

A watan Fabrairun 1991 Shugaba George H. W. Bush ya sa hannu kan Dokar Agent Orange, wadda ta sauya tambayar baki ɗaya. Daga ranar, sojan da ya taka ƙasar Biyetnam a lokacin yaƙin ana ɗauka cewa gubar ta taɓa shi, kuma idan ya kamu da ɗaya daga cikin cututtukan da aka lissafa, zai samu magani da diyya ba sai ya kawo shaida ba. An fara da uku: kansar kaluluwa wadda ba ta Hodgkin ba, kansar tsoka da jijiyoyi, da ƙurajen kiloraken. Dokar ta kuma ɗora wa Cibiyar Nazarin Kimiyya ta Ƙasa nauyin sake duba hujjoji duk bayan shekara biyu, tana rarraba cututtuka gwargwadon ƙarfin shaidar da ke kansu.

Da haka jerin ya riƙa tsawo. A 1994 aka shigar da cutar Hodgkin, da kansar huhu da maƙogwaro, da kansar ɓargo. A 1996 aka ƙara kansar furostet, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Ciwon suga ya shiga a 2001, wani nau'in kansar jini a 2003, ciwon zuciya da cutar karkarwa ta Parkinson a 2010, kansar mafitsara a 2021, hawan jini a 2022. Matuƙa da ma'aikatan da suka ci gaba da amfani da tsofaffin jiragen C-123 bayan yaƙin sai a 2015 aka amince da su. Sojojin ruwan da suka yi aiki a teku kusa da gaɓar Biyetnam kuwa sai a 2019, bayan hukuncin kotu da sabuwar doka. Duk shekarar da aka ƙara ana jira, wasu daga cikin masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya.

Wannan tsari ne aka bi a dokar PACT ta watan Agustan 2022, wadda ta shafi sojojin da suka shaƙi hayaƙin manyan ramukan ƙona shara a Iraƙi da Afganistan, da kuma waɗanda suka sha gurɓataccen ruwa a sansanin Camp Lejeune tsakanin 1953 da 1987.

Sauran ƙasashe da mutanen Biyetnam

Koriya ta Kudu ta tura sojoji sama da 300,000 yaƙin, kuma a 2013 Kotun Ƙolinta ta ba da diyya ga mutum 39 kacal masu ƙurajen kiloraken. A Ostareliya, hukumar binciken Evatt ta wanke maganin a 1985, hukuncin da tsofaffin sojojin ƙasar suka daɗe suna ƙalubalanta.

Mafi girman nauyin kuwa yana kan mutanen Biyetnam, sojojinsu da fararen hularsu. Wani nazari da Jeanne Stellman da abokan aikinta suka buga a 2003 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 2.1 zuwa 4.8 ne ke zaune a ƙauyukan da aka yi wa feshi. Ƙarar da ƙungiyar mutanen Biyetnam da feshin ya shafa ta shigar a Amurka a 2004, Mai shari'a Weinstein ɗin nan ne ya kore ta a 2005, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron ɗaukaka ƙarar a 2009. Amurka ta ba da kuɗin tsabtace filin jirgin saman Da Nang, aikin da aka yi daga 2012 zuwa 2018, an kuma fara na Bien Hoa a 2019, inda gurɓatar ta fi muni.

Tarihin Agent Orange ya nuna cewa kimiyya tana iya tabbatar da cewa sinadari na haddasa kansa, amma da wuya ta tabbatar da cewa shi ne ya kama wane. Idan aka ce sai soja ya kawo wannan shaidar da kansa, an ɗora masa abin da ba zai iya ba, alhali hukumar da ta tura shi ce ta kasa ajiye bayanan. Duk gwamnatin da ta sa sojanta aiki da sinadari, wajibinta ne ta rubuta abin da ya taɓa, ta bi lafiyarsa bayan ya tuɓe kaki, kuma idan shakka ta shigo, ta ɗauki nauyin jinyarsa tun yana da rai.