Yadda Funtuwa Ta Gaji Maska

Ƙaramar Hukumar Funtuwa tana kudancin Jihar Katsina, a yankin da tun da can ake kira Katsina Laka saboda ƙasarsa mai danƙo da riƙe ruwa. Damina ta fi tsawo a nan bisa ga arewacin masarautar Katsina, shi ya sa dawa da masara da auduga suka karɓi wurin. Kafin zuwan Turawa, garin da ake ji da shi a wannan yanki shi ne Maska, tsohon birni mai ganuwa wanda ya yi suna a saƙa da rini. Bayan jihadi, da Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina, Maska ta ci gaba da zama cibiyar sarauta, Funtuwa kuwa ƙaramin gari ce a ƙarƙashinta.

Turawa sun ci Katsina a 1903, suka rarraba ƙasar gunduma-gunduma, kowace da hakimin da zai zauna cikinta ya tara haraji da jangali ya kai baitulmalin En'e. Abin da ya fi jan hankalinsu a kudu shi ne auduga, domin masaƙun Ingila suna neman ta ido rufe. Kamfanin auduga na Turawa, BCGA, ya kafa injin gurzar auduga a Funtuwa, aka buɗe gonar iri a Daudawa, sannan a ƙarshen shekarun 1920 layin dogon da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa, ya kai Ƙaurar Namoda a 1929. Wannan layi ne ya yanke hukunci tsakanin Maska da Funtuwa. Duk manomin da ya ɗauro auduga a jaki, tashar jirgi yake nufa. 'Yan kasuwa da leburori, Hausawa da Yarbawa da Ibo, suka yi ta kwararowa har Sabon Gari ya kafu. Mazaunin hakimi ma ya dawo Funtuwa, amma sarautar ba ta yar da sunanta na asali ba: har yau Sarkin Maska ake ce wa hakimin Funtuwa.

Mulkin En'e ya zo ƙarshe da garambawul ɗin 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa ƙananan hukumomi 301 a faɗin Najeriya. Funtuwa na cikinsu, a ƙarƙashin Jihar Kaduna, kuma faɗinta a lokacin ya haɗa da Bakori da Danja da Faskari da Sabuwa da Dandume. Da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, tana ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi bakwai da jihar ta fara da su. Zuwa 1996 an kai 34, waɗancan garuruwa biyar kuwa kowanne ya samu tasa hedikwatar. Abin da ya rage wa Funtuwa shi ne garin kansa da ƙauyukan da ke zagaye da shi, irin su Dukke da Goya da Maigamji da Tudun Iya, sai Maska, wadda a yau mazaɓa ce guda a cikin goma sha ɗaya.

Sai dai rabon ya fi ƙarfi a takarda. Hatsin kasuwar Dandume da tumatir da raken Danja galibi ta Funtuwa suke bi, domin a nan hanyar Zariya zuwa Sakkwato ta haɗu da ta Malumfashi da ta Birnin Gwari. A siyasa ma, mazaɓar sanatan Katsina ta Kudu shiyyar Funtuwa ake kiranta.

Audugar da ta ɗaga garin ita ce ta fi jin jiki. Masaƙar Funtuwa, wadda aka kafa a ƙarshen shekarun 1970, ta sha fama da tsadar wuta da kwararowar yadin waje kamar takwarorinta na Kaduna da Kano, manoma da yawa suka koma masara da waken suya. Jirgi ya daɗe da daina jigila yadda aka saba, manyan motoci suka gaje shi. A 'yan shekarun nan kuma hare-haren 'yan bindiga a Faskari da Sabuwa da Dandume sun tilasta wa iyalai da dama barin gonakinsu, da yawansu cikin garin Funtuwa suka samu mafaka.